Haɗa hitar wanka da hitar ɗaki da wayar hannu: ta ina ake farawa a gida irin na Katsina?

Tambaya: Wani magidanci ne ya rubuto daga Katsina. Ya ce ya tare a sabon gida a wajen Barhim, akwai hitar wanka biyu, mai lita 50 a sashen mahaifiyarsa da mai lita 30 a nasa, kowacce wat 1500. Yana da sola mai inbata 5kVA da batirin litiyom na yunit 5. Sanyin hunturu yana wahalar da Hajiya, don haka ya sayo mata hitar ɗaki irin mai mai a ciki. Ƙanensa ya aiko masa da Nest daga Ingila, ya ce ya haɗa komai da Home Assistant ko Google Home ya riƙa sarrafawa daga waya. Yana son sanin yadda zai yi.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa an shiga a sa'a, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Abin da kake nema mai yiwuwa ne, kuma ba sai an farfasa bango ba. Amma bari in fara da kyautar ƙanenka, kada ka ɓata kuɗin aiki a kanta. Nest ɗin nan ka mayar da shi kwalinsa. Lafiyarsa lau, gidan da aka ƙera shi dominsa ne ba irin namu ba. A Ingila gida yana da tukunyar gas guda ɗaya mai dafa ruwa, famfo ya zagaya da ruwan ta bututu zuwa faifan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Aikin Nest shi ne ya auna sanyin falo ya ce wa tukunyar ta kama ko ta tsaya, ta hanyar wani ƙaramin akwati mai suna Heat Link, wani lokaci kuma ta tsarin OpenTherm da tukwanen Turai ke aiki da shi. Na Amurka kuwa da wuta mai bolt 24 yake yi wa injin ɗumama gida magana. Duka biyun saƙo kawai suke aikawa, ba a yi su don ɗaukar nauyin wuta ba. Kai ba ka da tukunya. Abin da kake da shi elimen uku ne, wato ƙarafan da ke yin zafi a cikin hita, masu zuƙar wuta kai tsaye daga layin bolt 230. Gwani zai iya yi masa dabara ya tuƙa kwantakta, wato babban makunnin da wuta ke kunnawa mai ɗaukar nauyi, sai dai wahalar ta fi amfanin, ga shi ba ya shiga Home Assistant sai ta sabar Google, wato kwamfutar kamfanin da ke intanet, bayan an yi rajista an biya dala 5. Ka duba ma wane samfuri ne, domin ranar 25 ga Oktoban 2025 Google ta yanke tsofaffin samfuran 2011 da 2012 da na Turai na 2014 daga manhajarta, suka koma sai dai a murɗa su da hannu.

To, mu dawo gida. A wajenmu tambayar ba ita ce yadda waya za ta kunna hita ba, wannan ko yaro zai haɗa maka cikin rabin awa. Tambayar ita ce da wace wuta hitar za ta ci, da ƙarfe nawa, kuma me zai faru ranar da intanet ta yanke ko aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfe biyun dare kowa na barci.

Ka riƙe lissafi ɗaya, shi zai warware maka sauran. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Hitar Hajiya lita 50 ce. In ruwan ya shigo da digiri 20 aka kai shi 60, ka ninka 50 da 40 da 1.16, ya ba ka kusan yunit 2.3, kuma elimen mai wat 1500 zai yi wajen awa ɗaya da rabi kafin ya gama. Taka mai lita 30 za ta ci kamar yunit 1.4. Idan layinku yana rukunin A, wanda hukumar NERC ta kai farashinsa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, dafa hitar Hajiya sau ɗaya ya haura naira 500 a wancan farashin. Ka duba rasit ɗin KEDCO na mitarka ka ga rukuninku, ka sake lissafin da kuɗin yau. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne batir: yunit 2.3 kusan rabin batirinka ne. Hita biyun tare da daddare, sai ka wayi gari firiza ta narke. Ruwan zafi a gidan sola da rana ake dafa shi, ko da wutar gari in an kawo. Batir ba na hita ba ne.

Sai abin da zai riƙa kunnawa da kashewa. Wat 1500 a kan bolt 230 amfiya 6.5 ne, wat 2000 amfiya 8.7, wat 3000 kuma amfiya 13. Za ka ga ƙananan rila masu Wi-Fi, wato makunnan da ake sarrafawa daga waya, a kasuwa an rubuta amfiya 10 a jikinsu, irin Sonoff Basic, ka ce ai ya isa. A takarda ya isa. Amma hita ba fitila ba ce, tana jan wutarta cif awa ɗaya da rabi ba sassauci, kuma ƙananan kusoshin da ke matse waya a jikin rila su ne ke fara ɗumi, robar ta yi ruwan ƙasa, daga nan sai ƙauri. Ga zafin garinmu a kai. Da yawa cikin waɗannan na'urori digiri 40 aka rubuta a matsayin iyakar zafin wurin da za a girka su, alhali a watan Afrilu inuwa ma takan kai haka a Katsina, balle cikin silin ƙarƙashin kwano. Mai wayarin da ya ce zai ɓoye maka rila a silin don kyan gani, ka ce masa a'a.

Abin da nake ba da shawara shi ne a raba aiki biyu. Rila mai wayo ta zama mai ba da umarni kawai, kwantakta ta ɗauki nauyin. Ka nemi kwantakta mai ƙafa biyu ta amfiya 25, mai koyil na bolt 230, irin wadda ke hawa layin bireka a cikin akwatin rarraba wuta. Rila ta ba koyil wuta, kwantakta ta rufe laif da nutural gaba ɗaya zuwa hita. Koyil ɗin ba ya cin komai, don haka rila ba za ta taɓa ɗumi ba, kuma ranar da kwantakta ta gaji, sauya ta aikin minti goma ne. Idan kana son ganin wat nawa ake ci, kuma ya kamata ka so, ka ɗauki na'ura mai awo da zobe da ake maƙalawa a jikin waya, kamar Shelly EM, wadda take da ƙaramar ƙafar tuƙa kwantakta. Wanda ba ya son kwantakta, ya nemi aƙalla mai amfiya 20 ko 25, irin Sonoff POW Elite ta 20 ko POWR3. Ni dai na fi natsuwa da kwantakta. Layin hita ya zama nata ita kaɗai, waya mai kaurin milimita 2.5 ta jan ƙarfe na gaske, da birekarta, da bireka mai jin yoyon wuta ta miliamfiya 30 wadda masu wayarin ke kira RCD, da wayar at da ta isa sandar da aka binne a ƙasa da gaske, ba wadda aka naɗe aka bari a cikin bututu ba. In waɗannan ba su cika ba, a cika su tukuna. Mutum tsirara a cikin ruwa ba ya jure wutar da mai takalmi a falo zai ji kamar tsungule.

Wutar da ba ta da ƙarfi tana da illa biyu a nan. Ta farko, ƙarfin elimen yana faɗuwa kusan ninki biyu na faɗuwar boltej. Elimen mai wat 1500 idan wuta ta sauko bolt 180 bai fi wat 920 yake bayarwa ba, aikin awa ɗaya da rabi ya koma awa biyu da rabi. Shi ya sa wanda ya dogara da agogo kawai yakan tarar da ruwa salaf da asuba ya ɗora wa manhaja laifi. Ta biyu, an ƙera koyil ɗin kwantakta ya kama sosai daga kashi 85 cikin 100 na boltej ɗinsa, wato wajen bolt 195. Ƙasa da haka sai ka ji tana kar-kar-kar, tana kamawa tana saki, bakinta yana tartsatsi har ya ƙone. Maganinsa ɗan mai gadin boltej ne da ake sa wa a gaba, mai nuna lamba, wanda ke yanke layi in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama, ya kuma jira minti biyu ko uku bayan an dawo da ita kafin ya saki. Da damina kuma ka tabbatar akwai makarin tsawa a babban akwati.

Kada kowa ya taɓa tamostat ɗin da ke cikin hitar, mai yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka saita, ko makatsin da ke yankewa in zafi ya wuce kima, ko bawul ɗin da ke sakin ruwa in matsi ya yi yawa. Akwai masu gyara da ke haɗe wayoyin tamostat su ce ai yanzu waya ce ke kula da zafi. Wannan ganganci ne. Rila takan maƙale a kunne, manhaja takan daskare, kuma tankin da ruwa ya tafasa a cikinsa babu mafita fashewa yake yi. Na'ura mai wayo izinin cin wuta kawai take bayarwa, hitar ce ke yanke wa kanta iyaka. Ka bar tamostat a digiri 60. Na san jarabar a sauke shi 40 don rage kuɗi, amma ƙwayar cutar Lejiyonela, mai haddasa ciwon huhu, tsakanin digiri 20 da 45 take yaɗuwa a ruwan da ke kwance, kuma tsofaffi ta fi kayarwa. Sai dai ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, saboda haka a banɗakin Hajiya a sa bawul mai gauraya zafi da sanyi da kansa, ya riƙa fitar da ruwa wajen digiri 40.

Akwai wani haɗari da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, don ruwansu ba ya yankewa. Mu tankin sama muke dogaro da shi, kuma yana ƙarewa. A ƙa'ida hita tana riƙe ruwanta ko da tanki ya bushe, saboda bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya. Amma yashin bohol ko farin dattin nan da ke taruwa a buta yakan hana bawul ɗin rufewa, wasu masu aikin famfo ma ba sa sa shi. Sai a buɗe famfon tsakar gida, ruwan hita ya sulale, elimen ya rage a iska. Mutum in zai kunna da hannu yakan lura babu ruwa a gidan. Manhaja ba ta lura, lokaci na yi za ta kunna, elimen ya ƙone cikin 'yan mintoci. Ka sa fulot na biyu a tankin sama, irin wanda ake sa wa sumo, mai wayoyi uku. Na sumo ana haɗa shi ya rufe idan ruwa ya yi ƙasa, wannan kuwa a ɗauki ɗaya ƙafar, ya rufe idan akwai ruwa, a bi da wayar koyil ɗin kwantakta ta cikinsa. Babu ruwa, kwantakta ba za ta kama ba, ko me waya ta ce. Irin wannan kariya da waya da ƙarfe ake yin ta, ba a barin ta a hannun manhaja.

Yanzu ga batun wace manhaja. Google Home, Alexa, Smart Life ta Tuya da eWeLink ta Sonoff duk suna da sauƙin kafawa, amma yawancin dokokin da za ka rubuta a cikinsu a sabar kamfani suke zaune. Umarninka yakan fita ƙasar waje ya dawo kafin hitar da ke bayan ɗakinka ta ji. Data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, shi ke nan. Kamfani ma yakan rufe, kamar yadda masu kayan Insteon a Amurka suka wayi gari a Afrilun 2022 suka tarar sabar ta mutu ba sanarwa. Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013, kyauta ce kuma a cikin gidanka take zama, a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ko akwatinsu na Home Assistant Green. Tana buƙatar haƙurin koyo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ita ce za ta iya duba batir, ta duba ko akwai wutar gari, ta duba agogo, sannan ta yanke hukunci, duk ba tare da intanet ba. In don kunnawa da kashewa daga ofis ne kawai, Smart Life ta ishe ka. Tunda akwai sola a lissafin, Home Assistant nake zaɓar maka. Ka sayi kayan da ke magana da ita a cikin gida: Shelly suna yi tun daga kwali, kayan Zigbee, wata hanyar sadarwa marar waya daban da Wi-Fi, suna yi ta ɗan sandan USB, masu tambarin Matter, tsarin da ya fito a ƙarshen 2022, su ma haka.

Kwamfutar da rauta su zauna a layin inbata, kullum a kunne. Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batir, in ta mutu ta tashi babu intanet ba ta san ƙarfe nawa ba. Rauta kuma ta zama ta gida, mai zama wuri ɗaya. Sau da yawa akan kira mai gyara a ce komai ya tsaya, ashe maigida ne ya sa MiFi a aljihu ya tafi da ita Kano. Yawancin rila Wi-Fi mai zangon 2.4GHz kawai suke ji, ban da mai 5GHz. In kuma Zigbee ka zaɓa, ka sani na'urorin da ke jone da wuta su ne ke miƙa wa juna saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki. Idan duk suna layin wutar gari, ana ɗaukewa sashen Hajiya zai ɓace daga allo. Sokit ɗaya ko biyu na Zigbee a layin inbata, a tsakanin sassan biyu, sun magance wannan, musamman in akwai rufin kankare ko bango mai kauri.

Dokokin da za ka rubuta ba su da yawa, kuma ta rana ita ce uwa. Tsakanin ƙarfe 11 na safe da 3 na yamma, idan batir ya kai kashi 90 ya kuma tsaya a nan minti goma, a kunna hitar Hajiya. In ya sauko ƙasa da 80, a kashe. Ratar nan ta 90 da 80 ita ke hana kwantakta rawa duk lokacin da gajimare ya gifta. Kada ka dogara da agogo shi kaɗai, domin a hunturu hazo da ƙurar da ke kwanciya a kan faifan sola suna rage wuta sosai, wata rana batir ba zai cika ba sai bayan azahar. A riƙa wanke faifan da sassafe. Hitarka ba za ta tashi ba sai ta Hajiya ta gama, don wat 3000 a lokaci guda, ga sumo ga firiza, zai iya kayar da inbata mai 5kVA. Ta yaya manhaja za ta san ta gama? Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba. Idan kwantakta tana kunne amma awo ya nuna wat ya koma sifili, tamostat ya yanke ke nan, ruwa ya yi. Na fi yarda da wannan a kan ɗan ma'aunin DS18B20 da ake ɗaurewa a bututu, domin bututun roba ba ya isar da zafi, sai ma'aunin ya yi ta faɗin abin da ba haka ba. Wannan awon zai kuma tona maka ranar da elimen ya mutu: an kunna, ruwa da sanyi, wat sifili.

Karanta batir ya danganta da inbatarka. Victron tana ba da bayananta a cikin gida ta Modbus, masu Deye suna bi ta ɗan sandan Solarman, akwai kuma manhajar Solar Assistant da ke karanta inbatoci iri-iri ta tura wa Home Assistant. Daga nan za ka ga har boltej ɗin wutar gari. In taka ba ta magana da kowa, ka jona ƙaramin sokit mai wayo a layin gari kafin canjoba. Ya bayyana a allo, an kawo wuta. Ya ɓace, an ɗauke. Amfanin sa shi kafin canjoba shi ne kada a tada janareta manhaja ta ɗauka wutar gari ce ta ɗora masa hita.

Doka ta biyu ita ce ta asuba. Hita mai kyau tana riƙe zafi, ruwan da aka dafa da azahar in ba a taɓa shi ba zai kai asuba da ɗuminsa. Amma in an yi wanka da magariba, ruwan sanyi ya shiga ya maye gurbi. Don haka awa biyu kafin kiran salla, in akwai wutar gari, a ƙara mata. In babu, kada a taɓa batir, sai dai in ya haura wani kaso da kai za ka yanke, a ba ta minti ashirin, wanda ya isa alwala. Home Assistant tana da sashen lokutan salla. Fitowar rana ma da kanta take lissafawa daga inda gidanka yake a taswira, don haka kana iya cewa awa uku kafin fitowar rana. Da azumi ka matso da shi gaba saboda sahur.

Abubuwa biyu kuma a cikin ita kanta rilar ake saita su, ba a Home Assistant ba. Na ɗaya, halin da za ta tashi a ciki in wuta ta dawo: ka zaɓi a kashe, ba a kunne ba, ba kuma yadda take kafin a ɗauke ba. Na biyu, ta kashe kanta bayan awa biyu da rabi ko da ba wanda ya ce mata. Da wannan, ko kwamfuta ta mutu da tsakar rana hita ba za ta kwana tana shan batir ba. Makunnin bango mai jar fitila kuma a bar shi inda yake, a ƙara wani ɗan maɓalli kusa da shi da ke shiga rila kai tsaye. Uwargida ko yarinyar da ke kwana da Hajiya dole su iya samun ruwan zafi ba tare da an kira ka a waya kana taro ba.

Hitar ɗaki daban take, kuma a nan ra'ayina yana da tsauri. Daren Disamba da Janairu a Katsina yakan sauko wajen digiri 12 ko 13, wanda ga tsohuwa mai ciwon gwiwa ba wasa ba ne. Ka yi dace da ka sayi mai mai, ta fi masu jan ƙarfe da masu fanka aminci. Duk da haka masu ƙera su suna gargaɗin kada a jona su da abin da zai kunna su babu kowa a wurin, kuma suna da gaskiya. Daga ofis ba za ka ga an shanya zani a kanta ba, ko gidan sauro ya zamo ya taɓa ta, ko jika ya ture ta. Tsarina shi ne mutum ya kunna, na'ura ta kashe. Ka manna ɗan maɓallin Zigbee mai batir a gefen gadon Hajiya. Ta danna, hita ta tashi, daga nan sashen Generic Thermostat na Home Assistant ya karɓa: ya riƙe ɗakin a digiri 22, da ratar digiri ɗaya sama da ƙasa, kada ya kunna ya kashe a ƙasa da minti goma, bayan awa biyu kuma wata doka da za ka rubuta ta rufe shi gaba ɗaya, haka nan in wutar gari ta tafi. Ma'aunin ɗakin a sa shi daidai tsayin gado, nesa da taga, nesa da hitar. Sokit mai wayo na amfiya 13 ko 16 a bango kai tsaye, ban da wayar ƙari, kuma a bar mita ɗaya tsakaninta da labule da katifa. Ka duba kuma ko mai murɗawa ce da hannu. Mai allo da maɓallan taɓawa ba ta tashi da kanta in an yanke mata wuta an dawo, sokit mai wayo ba zai yi mata komai ba.

Kafin ma a kai ga hita, tsumma a ƙarƙashin ƙofa, labule mai kauri da toshe ramukan taga suna riƙe ɗumin da za ka saya da yunit. Hita tana ƙara busar da iskar da dama a bushe take, leɓe ya tsage, wani har haɓo. Ma'aunan Zigbee suna nuna laimar iska, in ka ga ta yi ƙasa sosai a ajiye kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul a gefe, ba a kan hitar ba. Kaskon gawayi kuwa, in har yanzu ana shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, a daina. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, a cikin barci take kashe mutane. Ƙararrawar gano wannan iska da ta hayaƙi suna da arha, akwai masu Zigbee da za su buga maka waya, kuma da ni ne su zan fara saya.

In akwai AC a ɗakin, ka duba takardar da ke jikinta ko tana ɗumamawa. Da yawa cikin waɗanda ake sayarwa a nan sanyi kawai suke yi ko da rimot ya nuna hoton rana. In taka tana yi, ta fi hita nesa ba kusa ba, don yunit ɗaya na wuta yana ba da ɗumin kusan yunit uku, kuma babu abin da zai kama da wuta a ƙasa. Ita kam a bar manhaja ta kunna ta kashe, ta ɗan akwatin Broadlink RM4 mini mai kwaikwayon rimot. Rauninsa shi ne yana aika umarni ne bai san ko an ji ba, sai ka haɗa da ma'aunin ɗaki ya tabbatar. Hitar shawa mai ɗumama ruwa nan take ba ta buƙatar komai cikin wannan. Ƙarfen da ake tsomawa a bokiti kuwa kada ya kusanci sokit mai wayo ko da wasa.

Ranar da mai aikin ya ce ya gama, asusun ya kasance da imel ɗinka da kalmar sirrinka, ba nasa ba, sannan kada ka sallame shi sai an gwada a gabanka. Ka zare layin data daga rauta ka danna maɓallin bango, hita ta kama. Ka sauke babbar bireka ka mayar, ta tashi a kashe, ta jira mintocinta. Ka sa yaro ya hau ya danne fulot ɗin tanki ƙasa, kwantakta ta saki nan take. Ka danna maɓallin gwaji na RCD, layin ya faɗi. Sannan a bar hita ta yi rabin awa tana ci, a kashe wuta, shi mai wayarin ya taɓa bakin wayoyin kwantakta da na bireka. In akwai inda ya yi zafi, kusa ce ba ta matsu ba, a ƙara ɗaure ta a sake gwadawa.